Ranar da Na Ƙi Jin Maganar Idona

Ka tambaye ni, yarona, ko har yanzu idon mai farautar 'yan wasan besbol yana da sauran amfani, tunda yanzu na'ura tana auna komai, daga gudun ƙwallo har yawan juyin da take yi a iska. Da na ƙyale ka, domin tambaya ce irin ta masu zaman ofis, sai dai ta fama mini wani tsohon miki.

Ba zan ɓata bakina a kan ma'aunin 20 zuwa 80 da muke ba ɗan wasa maki da shi ba, ko abubuwa biyar da ake dubawa a jikin ɗan wasa. Wanda bai san cewa 50 ita ce matsakaiciya ba, ya mayar da littafin rahoto ya nemi wata sana'a.

Abin ya faru ne a Jamhuriyar Dominika, a wani fili da gonakin rake suka kewaye kusa da San Pedro de Macorís. A can akwai dillalai da ake kira buskon, waɗanda suke ɗaukar yaro su ciyar da shi su horar da shi, sannan su yanki rabonsu daga kuɗin da ƙungiya za ta biya ranar sa hannu, kuma ƙa'ida ba ta yarda a ɗauki yaro ba sai ya kai shekara 16. Wani dillali ya kawo mini mai jifa, takarda ta ce shekararsa 16, na ɗaga na'ura ta nuna gudun jifarsa mil 92 a sa'a. Ka san ma'anar wannan: ga ɗan shekara 16 zinariya ce, ga ɗan shekara 19 kuwa irinsa sun cika kasuwa. Lambar ɗaya ce, amma farashinta yana rataye ne da abin da na'urar ba ta aunawa.

Idona ya gaya mini gaskiya tun a ranar. Kafaɗunsa sun riga sun cika, babu inda nama zai ƙara zama, haɓarsa tana da kaushin wanda ya daɗe yana aski, kuma sauran yaran suna matsa masa a benci kamar yadda ake yi wa babban wa. Da na kira shi da sunan da ke cikin takarda, sai da ya ɗan jinkirta kafin ya waiwayo. Ko a kara, mai sayen sa ba ya ɗaukar maganar dillali sai ya buɗe bakin dabbar ya ga haƙori, amma ni, da duk shekarun da na yi a fili, na bar lamba ta rufe mini ido, domin ina tsoron wata ƙungiya ta riga ni. Na rubuta rahoto mai zafi, na buga waya, na sa sunana a kai, aka biya.

A wannan yammacin akwai wani siririn yaro da jifarsa ba ta wuce mil 84 ba. Yatsunsa dogaye ne, hannunsa yana sakuwa kamar bulala, kuma da aka buga masa ƙwallo ta tsallake shinge, bai dubi kocinsa ba, bai sunkuyar da kai ba, sai ya miƙa hannu a ba shi wata. Na gani, na yaba a raina, na rubuta layi biyu kacal a kansa, domin kasona na shekarar ya riga ya tafi ga babban.

Bayan harin Satumba na 2001 Amurka ta tsananta binciken takardun biza, asirin 'yan wasa da yawa ya tonu, nawa yana ciki. Takardar haihuwar ƙanin wani ɗan'uwansa ce aka ara masa, ya girmi abin da aka ce da shekara uku. Jifarsa ba ta ƙara ko mil ɗaya ba har aka sallame shi. Dillalin bai mayar da ko sisi ba, kuma na sake ganinsa a wani filin yana murmushi yana miƙo mini hannu. Siririn yaron wata ƙungiya ta ɗauke shi da kuɗi kaɗan, ya yi ƙiba, ya yi ƙarfi, na kalle shi a talabijin yana jifa a babbar gasar Amurka. Ni kuwa sai da na yi shekaru duk rahoton da na rubuta sai wani ya bi bayana ya sake duba yaron kafin a yarda, kuma wanda aka ɗora min ɗin ni na koya masa riƙe agogo.

Kada ka ɗauka ina cewa ido ba ya kuskure. Ido ne ya sa ƙungiyar Mets ta ɗauki Billy Beane a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a 1980 saboda surar jikinsa, bai kuwa tabuka abin kirki da sanda ba. Ido ne kuma, malalacin ido mai auna tsayi kawai, ya sa aka kori José Altuve daga gwajin ƙungiyar Astros a Benezuwela, ya dawo washegari, aka ɗauke shi a kan dala 15,000 a 2007, ya zama gwarzon gasarsu a 2017. Ƙungiyar Dodgers ta yi musayar Pedro Martínez da wani ɗan wasa a 1993 tana ganin jikinsa ba zai jure ba, ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa sau uku. Albert Pujols, wanda ya zama shahararren mai bugu da sanda, sai da aka zaɓi mutum 401 kafin shi a 1999. Waɗanda suka yi waɗannan kurakurai sun kalli yaro ne, suka auna shi da siffar da suka saba gani, suka tafi.

Wannan ita ce cutar ku yaran yanzu, sai dai ku ko kallon ma ba ku yi. Tun da aka kafa Statcast, na'urorin da ke auna motsin ƙwallo da 'yan wasa, a filayen babbar gasa a 2015, kuka ɗauka sana'ar ta koma cikin waya. Kuna zuwa bayan an fara wasa, ku jeru a bayan raga ku ɗaga na'ura tare kamar masu amshi, ku rubuta lamba iri ɗaya, ku tashi kafin a gama. Idan abin da ka kawo shi ne abin da na'ura ta riga ta aika ofis, me za a biya ka a kai?

Ranar Asabar ka riga kowa zuwa filin, ka bar na'urar a jaka har zagaye na uku na wasan. Ka kalli yaron nan da ka ba ni labari lokacin da yake ɗumama jiki yana zaton babu mai ganinsa, ka jira har ya yi kuskure ka ga abin da zai yi da jifa ta gaba, ka yi hira da mai share filin, ka kuma kira shi da sunansa daga baya ka ƙirga daƙiƙa. Rahoton ka kawo mini da hannunka, kuma kada na ga kalmar "wataƙila" a ciki.