Amsa kan RAM da had-disk: dalilin da goge hotuna bai ƙara wa kwamfutarki sauri ba

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na karanta tambayarki. Kin ce kin samu laftof mai Windows, a takardarta an rubuta Core i5, RAM 4GB, HDD 500GB, ba ki san me suke nufi ba, ga ta kuma tana jan ƙafa. Wani ya ce ki goge hotuna da bidiyo, kin goge, amma ba ta canza zani ba. Na daɗe ina koyar da masu fara taɓa kwamfuta, kuma kusan kowa a nan yake fara tuntuɓe, don haka ki yi haƙuri da tsawon amsar.

Kwamfuta wuri biyu take ajiye abu, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Had-disk, wato HDD ɗin nan mai 500GB, shi ne ma'ajiya ta dindindin. Hotunanki, takardunki, manhajojinki, har Windows ɗin kanta, duk a can suke kwance, ko kin kashe kwamfutar suna nan. RAM kuwa wurin aiki ne na ɗan lokaci. Duk abin da kika buɗe, sai an ɗauko shi daga had-disk an shimfiɗa shi a RAM kafin a yi aiki a kansa, kuma da zarar wuta ta yanke masa, komai na cikinsa ya tafi. Ki ɗauki misalin tela: kabad ɗin da yake jera yadi shi ne had-disk, teburin da yake yanka a kai shi ne RAM, shi kansa telan shi ne furosesa, wato Core i5 ɗin nan. Idan teburin ƙarami ne, ko an kwashe rabin kayan kabad ɗin, teburin bai ƙara faɗi ba. To abin da ya faru da ke ke nan. Kin rage kaya a kabad, alhali ƙuncin a teburi yake.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa ake matsa wa masu koyo su riƙa adana aikinsu. Rubutun da kike bugawa a Word, kafin ki adana shi, a RAM yake zaune. Na ga ɗalibar da ta yini tana buga aikin makaranta, batir ya mutu, da aka kunna sai ɗan abin da Word ya ceto da kansa ta samu, sauran ya bi iska. Ranar ta yi kuka sosai, abin ya tsaya mini a rai. Ki saba wa yatsunki da danna Ctrl da S tare, duk bayan 'yan layuka.

Yanzu ga yadda za ki ga matsalar da idonki. Ki danna Ctrl, Shift da Esc a lokaci guda, Task Manager, wato tagar da ke nuna aikin da kwamfuta take yi, zai buɗe. A saman jerin za ki ga CPU, Memory da Disk, kowanne da kasonsa cikin ɗari. CPU shi ne furosesa, Memory shi ne RAM. A kwamfuta irin taki, abin da na fi gani shi ne Memory ya haura kashi 80, Disk kuma ya kafe a kashi 100, furosesa yana zaune yana jira. Abin da ke jawo haka shi ne, idan RAM ya cika, Windows takan ari wuri a had-disk ta riƙa zuba rarar, had-disk kuma bai kai RAM sauri ba ko kusa. Daga nan ne kike danna abu ki zauna kallon da'irar nan tana juyawa. Goge hotuna yana taimakawa ne kawai idan had-disk ɗin ya cika maƙil har babu wurin da za a ara.

RAM 4GB a yau ƙarami ne. Shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11, wadda Microsoft ta fitar a 2021, take yarda ta hau kansa, kuma ita kanta takan cinye kaso mai yawa tun kafin ki buɗe komai. Da 8GB ne mutum yake fara sakewa. Kafin ki kashe ko sisi, ki shiga sashen Startup a Task Manager ki kashe manhajojin da suke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfuta, ki kuma daina barin shafuka barkatai a buɗe a Chrome, domin kowane shafi da rabonsa na RAM.

Idan kuwa za ki saya mata wani abu, ni a ganina SSD ne farko, wato wata irin ma'ajiya da ake sawa a madadin HDD. HDD faifai ne na gaske a ciki yake juyawa, sau 5400 ko 7200 a minti, da wani ɗan hannu da yake kai-komo a kansa yana karantawa. In kika kara kunne a jikin laftof ɗin za ki iya jin ƙararsa, shi ya sa ma ba a son a buga ta ko a jijjiga ta tana kunne. SSD ba shi da abin da yake motsi, kuma ya ninka HDD sauri nesa ba kusa ba. Tsofaffin kwamfutoci da yawa da masu su suka fitar da rai da su, SSD kawai muka sa musu suka dawo hayyacinsu. In kuma RAM za ki ƙara, ki bari wanda ya iya ya duba tukuna, domin wasu laftof ɗin RAM ɗinsu a liƙe yake, ba a ƙara shi.

Game da Core i5, kada sunan ya ruɗe ki. Kamfanin Intel ya daɗe yana fitar da i3, i5 da i7 zubi bayan zubi, kuma lambar da ke biye da sunan ita ce take nuna zubin. i5-4200U zubi na 4 ne, na 2013; i5-1135G7 zubi na 11 ne, na 2020. Duka i5 ake kiransu, amma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Ki shiga Settings, System, About, za ki ga taki.

GB ɗin kuma ma'auni ne kawai. Mafi ƙanƙanta shi ne bit, wato 0 ko 1. Bit 8 su ne bait ɗaya, kusan harafi ɗaya ke nan. Daga nan sai kilobait, megabait, gigabait, terabait, kowanne ya ninka na bayansa kusan sau dubu. Za ki ga had-disk ɗinki yana nuna wajen 465GB maimakon 500. Ba a cuce ki ba: masu ƙera shi da 1000 suke ninkawa, Windows kuma da 1024.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma ba zan iya yin shiru a kansa ba. Tunda kwamfutar tana nauyi, za ki yi ta cin karo da tallace-tallace a intanet masu cewa ki sauke wata manhaja ta wanke miki ita ta ƙara mata gudu. Don Allah kada ki taɓa su. Ki koyi duba ƙarshen sunan fayil: .docx takardar Word ce, .pdf takardar karatu, .jpg hoto, .mp4 bidiyo, amma .exe manhaja ce da za ta yi aiki a cikin kwamfutarki da zarar kin danna ta. Wanda ba ki san daga inda ya fito ba, ki bar shi. Hotunan da kika goge kuma, ki leƙa Recycle Bin, wato kwandon da abin da aka goge yake tafiya, in ba ki share shi ba suna nan, sai ki dawo da su. Masu muhimmanci ki kwafe su a filashi, domin had-disk yakan mutu ba sallama.

Ki buɗe Task Manager ɗin a lokacin da kwamfutar take nauyi, ki rubuto mana kason CPU, Memory da Disk, tare da cikakkiyar lambar furosesan. Da su za mu iya gaya miki ko RAM za ki ƙara, ko SSD, ko kuma kashe manhajojin Startup kaɗai ya wadatar. Allah ya ba da sa'a.