Yaya, kwalbar ta surukina ce

Yaya na ga saƙonka tun daren jiya, sai da na yi dariya tukunna sannan raina ya ɗan sosu. Wato hoto ɗaya ka gani, ni da iyali a gidan surukina ga kwalba a gefen tebur, shikenan har an kai wa Hajiya labari wai Aberdeen ta Sikotland ta cinye ni, na auri Baturiya na koma shan giya. To tunda ka tambaya bari ka ji daga bakina.

Ban taɓa sha ba wallahi, ko ɗigo, shekara 17 ina garin nan. Amma in na ce maka ban san ta ba na yi ƙarya. Mutum ba zai zauna a Sikotland ya ce bai san wiski ba, kamar a ce kana Zariya ba ka san karatu ba ne. Surukina tsohon maƙerin ganga ne, gangar katakon da ake ajiye wiski a ciki, a yankin Speyside ya yi aikinsa har ya yi ritaya, can wajen Craigellachie a bakin kogin Spey. In ka ga tafin hannunsa kamar na manomin da ya shekara 40 da fartanya. Sana'arsa ke nan, da ita ya ciyar da yarinyar da ta haifa min ’ya’ya uku.

Wannan kwalbar da ka gani ta ranar cikarsa shekara 75 ce. Irin wiskin da suke kira single malt ce, ma'ana sha'ir zalla aka yi ta da shi, a jiƙa shi ya yi tsiro kamar yadda masu burukutu suke yi da dawa (eh Yaya, kar ka yi kamar ba ka san ana burukutu a ƙasarmu ba), kuma a gidan dafawa guda, a tukwanen jan ƙarfe. Dokarsu ta ce sai ta kwana aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak a cikin ƙasar kafin a kira ta Scotch, ƙarfinta kuma kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Lokacin da take fitowa daga tukunya fara ce tas kamar ruwa, ganga ce take rina ta. Yawanci tsofaffin gangunan bourbon, wato wiskin Amurka, suke sayowa daga can, wasu na giyar inabi ta sherry daga Jerez a Sifaniya, ita wannan tasa kuwa bayan ta shekara da shekaru sai aka juye ta cikin gangar da ta taɓa ɗaukar jan giyar inabi ta Faransa, shi ya sa ta yi jaja-jaja kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa.

Na zauna ina kallonsa. Ɗan ƙaramin kofi mai tsukakken baki, ya zuba abin da bai fi cokali biyu ba, ya ɗaga wa fitila, ya jujjuya, ya kai hanci ya lumshe ido ya fi minti guda, sannan ya ɗiga ruwa kaɗan wai don ƙamshin ya buɗe. Da ya kurɓa sai ya ce yana jin zabibi da kanumfari da wani abu kamar dabino, kuma gangar ta so ta yi yawa, inabin ya danne sha'irin, bakinsa ya bushe a ƙarshe. Ni dai daga inda nake da kofin lemon Irn-Bru ɗina warin da ya zo min na maganin tari ne. Na faɗa masa, tsohon ya yi dariya har da hawaye. Wai kuma duk shekara kusan kashi 2 cikin 100 yana tsiyayewa ta jikin katako ya bi iska, suna ce masa rabon mala'iku. Na ce a'uzubillahi, mala'ikunmu dai ba ruwansu.

Na san inda za ka ɓullo, zama a teburin da ake sha. Na san hadisin, kuma abin yana ci min tuwo a ƙwarya, ba zan ɓoye maka ba. Amma kakan ’ya’yana ne, mutumin da ya daina sa naman alade a firjinsa saboda mu, wanda in azumi ya faɗo a lokacin da rana ke kai wa ƙarfe 10 na dare bata faɗi ba yake zama bai ci ba sai mun sha ruwa. In ƙaurace masa in ce me? Iyakar da na sa ita ce bana saya, bana zubawa, bana ɗauka. Daren sabuwar shekara da suke kira Hogmanay suna da al'adar wanda zai fara taka gida bayan 12 na dare, wai dogo mai baƙin gashi shi ne sa'a, to ka ga ni Allah ya kashe ya ba su. Asali gawayi da biskit da kwalba ake shigowa da su. Ni gawayin da biskit nake riƙewa, kwalbar ƙanin matata ya biyo ni da ita a baya, kuma ba wanda ya taɓa ɗaure min fuska.

Abin da yake min ciwo shi ne kullum mu na waje ne ake aunawa. Ba wanda ya tambaya yaya muke haɗuwa ranar Sallah mu ’yan tsiraru, ’yan Kano da ’yan Jos da wani bawan Allah ɗan Damagaram da aikin man fetur ya kawo, a yi waina a kicin ɗin da bai kai shagon mai shayi ba. Matata tana tuƙa tuwo, da semolina ne dai, amma miyar kukarta sai ka rantse a Fagge ta girma. Babban ɗana Hausarsa da ɗan gargada, na yarda, yana ce wa kowa "kai" har mata, amma da ya ji muryar Hajiya a waya sai ya durƙusa kamar tana ganinsa.

Ka kira Hajiya ka warware abin da ka ƙulla kafin Juma'a don Allah, jiya da na buga gaisuwar ma da ƙyar ta amsa.