Na yi ritaya, ji nake kamar tawa ta kare

TAMBAYA: Salam likita. Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, bara na ajiye aiki bayan shekara 35, yanzu ina da 60 cif. Daga masallaci sai tabarmar kofar gida, waya ma ta daina kara, wadanda suke rusuna min a ofis ko filashin babu. Na ce bari in koma hadda, amma in na dauki aya uku da safe kafin azahar sun gudu. Anya girma bai gama da ni ba?

AMSA: Wa'alaikumussalam Baba, Allah ya kara lafiya da nisan kwana. Gaskiya ni a bayaninka ban ga kwakwalwar da ta gaji ba, na ga mutumin da shekara 35 ofis ke tsara masa yini, karfe 8 sa hannu, ga fayil ga mitin ga masu jira a bakin kofa, sai rana daya aka zare duka, to dole jiki ya yi sanyi, kuma wannan shirun wayar kusan duk wanda ya sauka daga kujera ya dandana shi.

Maganar mantuwa kuwa, abin da shekaru ke ragewa saurin dauka ne. Amma taskar kalmomi da fahimta da iya auna magana ba sa saurin tafiya, a wurin mutane da yawa ma karuwa suke har cikin shekarun sittin. Jikanka zai riga ka haddace shafi, babu musu, sai dai shi kamar aku yake dauka, kai kuma in malami ya fassara maka ayar kana da rayuwar da za ka rataya ta a kai. Aya ukun nan ba guduwa suka yi ba, sau daya ka taba su. Ka dauka bayan asuba, ka maimaita bayan la'asar, ka karanta su a nafila, ka sake bi kafin ka kwanta don a cikin barci ne kwakwalwa ke kafe abin da aka koya. Kuma dan Allah kada ka yi kai kadai a daki, ka nemi malamin da za ka rika biya wa a rana tsayayya, kunyar zuwa ba karatu ita kadai ta isa ta tashe ka. Obasanjo fa yana da shekara 80 ya kare digirin dakta a NOUN, jami'ar karatu daga gida ta kasa.

Jiki ma da hakkinsa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce minti 150 na motsa jiki a sati, wato minti 30 kwana biyar, ka rika takawa zuwa masallacin da ya fi nisa ma ya wadatar. A auna hawan jini da suga, a duba ido da kunne, don na sha ganin dattijo ana cewa ya fara rudewa ashe ji ne ya ragu, ya gaji da "me ka ce?" ya janye daga mutane.

Zaman majalisa ba laifi ba ne, amma in hirar kullum fansho ce da giratuti gara a rage. Unguwarku akwai masu neman wanda ya san yadda ake rubuta takarda ta shiga ofis ta fito.

In kuma bacin ran ya wuce sati 2, ba barci ba cin abinci, ko ka fara bata a hanyar da ka sani, ko maimaita tambaya daya har iyali suka lura, wannan kam ka zo asibiti a duba ka, kuma ka taho da Hajiya ko babban danka don su ne za su ba mu labarin da kyau.