Filin Lafiyarku: Ɗalibar Fisiyo, Uwa a Kwance da Hannun da Aka Ɗaure

Likitocin sashen gashin ƙashi, wato fisiyo, masu aiki a nan Legas ne suka amsa wasiƙun wannan wata.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a aji huɗu, ina karatun fisiyo. Duk ranar da aka kawo Bahaushe asibitin da muke koyon aiki, ni ake kira tafinta. Na lura da yawansu daga zuwa biyu ko uku ba a sake ganinsu, motsa jikin da muke rubuta musu kuma ba sa yi. Ina so in riƙa zagaya gidaje a unguwarmu ranar Asabar in taimaka. Ta ina zan fara, kuma me ya halatta in yi tun ban gama ba? (Ɗaliba, Agege)

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Allah ya yi wa niyyarki albarka. Bari mu fara da abin da ba za ki so ji ba: kada ki shiga gida ke kaɗai ki yi wa majinyaci aiki. Hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988, ita ke yi wa masu wannan sana'a rajista, kuma lasisi sai bayan an gama digiri; daga nan a yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan bautar ƙasa. Hannun ɗalibi a jikin majinyaci sai da idon mai lasisi a kai. Ba don takarda kaɗai ba. Ciwon bayan da kike gani na dako ne, wani lokacin tarin fuka ne ya ci ƙashin baya, ƙafar da ta kumbura kuma gudan jini ne wanda tausa za ta iya kora shi zuwa huhu. Idon da ke rarrabe waɗannan sai an daɗe ana gani.

Hanyar da ta buɗe miki ita ce ki kai shawarar ga malamin da ke kula da ku, a fita da sunan sashe, da mai lasisi aƙalla ɗaya. Kafin ranar a je a gai da Sarkin Hausawa da limamin unguwa, a kuma sami malamar islamiyyar matan aure, don ta bakinta ne mata za su fito. Ku tafi da na'urar awon hawan jini, tef na awo, agogo da kujera mai ƙarfi. Wanda awonsa ya kai 180 bisa 110 yana zaune, ba motsa jiki ne gabansa ba a ranar, likita ne.

Yanzu ga dalilin da ba sa dawowa. Ɗan dako a kasuwar Mile 12 in ya zo asibiti ya yi asarar cinikin yini, ga kuɗin mota, ga cunkoso. Ya zo yana sa ran allura, sai aka ce ya ɗaga ƙafa sau goma, aka miƙa masa takarda da Turanci mai hoton mutum a kan gado, shi kuwa a kan kwali yake kwana a rumfa. Laifin ba nasa ba ne. Saboda haka kafin ki zaɓi motsa jiki ko ɗaya, tambayi abu huɗu: a ina yake kwana, gado ko ƙasa? Bandakinsa na tsuguno ne ko na zama? Yaya yake salla yanzu? Wa ke tare da shi da rana? Amsar nan ita ce jadawalinki. Dattijon da ke kwana a tabarma, koya masa tashi daga ƙasa ya fi masa komai: ya mirgina gefe, ya dogara da hannu, ya durƙusa, ya kafa ƙafa mai ƙarfi a gaba, ya dafa kujera ya miƙe.

Kada motsin gida ya wuce uku. Ki ɗaura su a kan salla, ki ce bayan asuba, bayan la'asar, bayan isha'i, sau goma-goma. Ba wanda ke manta waɗannan lokutan, amma “sau uku a rana” iska ke kwashe ta. Ki yi ya gani, ya yi ki gani, sannan ki ɗauke shi bidiyo da wayarsa yana yi daidai, muryarki na ƙirgawa da Hausa. Burin ma ki faɗe shi da abin da ya dame shi. In kika ce kina so gwiwa ta lanƙwasa digiri 120, kai kawai zai gyaɗa. In kika ce, “Baba, so nake ka koma sujada da zaman tahiya,” sai ki ga ya gyara zama. Da azumi a mayar da motsin mai nauyi zuwa awa ɗaya ko biyu bayan buɗe baki, musamman ga mai ciwon suga.

Tafintar da kike yi kada ki raina ta, domin rabin gano ciwo a nan yake. Bahaushe yana da kalmomin ciwo da yawa, kowace da inda take nuni. Zugi da suka daban, tsami daban. Wanda ya ce ƙafarsa na raɗaɗi kamar an zuba barkono, ko tana sagewa, ko ta mutu, jijiyar ji yake kwatanta miki. “Sanyi” kuwa jakar magori ce: wani ciwon gaɓoɓi yake nufi, wata kuma ciwon mara, don haka ki sa a nuna wurin da yatsa. Ki fassara abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, kada ki gyara, kada ki taƙaita. Kuma tunda Legas kike, ki koyi gaisuwa da sunayen gaɓoɓi da Yarabanci; abin da majinyacinki Bahaushe ke ji in ba mai jin yarensa, shi tsohuwa Bayarabiya za ta ji a gabanki.

Maganar kunya kuma, ki nemi izini kafin kowane taɓawa, ki rufe labule, ki buɗe gaɓar da ake dubawa kaɗai ki rufe sauran da zani. Wanda ya ce iska ce ta buge shi, kada ki tsaya musu. Addu'a da tofi ba sa hana aikinki. Abu uku ne za ki tsaya a kansu ba sassauci: barin maganin hawan jini, gasa gaɓar da ba ta ji da ruwan zafi, da tsaga ko sakiya a ƙafar mai suga.

Don ci gaban kanki, ki riƙe littafi. Kowane majinyaci ki rubuta abin da kika auna ranar farko da abin da kika samu bayan mako huɗu, ba tare da sunansa ba. Gwaji mai sauƙi: ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna; daƙiƙa 12 ko fiye alama ce ta haɗarin faɗuwa. Irin wannan littafin ne ke zama aikin bincikenki na shekarar ƙarshe. Ki riƙa halartar tarukan ƙungiyar likitocin fisiyo ta ƙasa, wadda ke nan tun 1959, in hali ya yi kuma ki nemi zagayen koyo a asibitin ƙashi na Igbobi, inda sana'ar ta fara a Najeriya a 1945. Karayar da za ki gani a can cikin wata guda ta isa darasin shekara.

TAMBAYA: Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki na hagu mako uku da suka wuce. An sallame mu, an ce mu riƙa zuwa gashi, amma ta ce namiji ba zai taɓa ta ba. A gida ƴan'uwa na gasa mata hannun da ruwan zafi suna ja don ya miƙe. Yanzu kafaɗar na mata ciwo. Me za mu yi? (Ɗan kasuwa, Ketu)

AMSA: Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri. Malam, a daina jan hannun nan daga yau. Naman da ke riƙe kafaɗa ya saki, nauyin hannun kaɗai na iya zame kan ƙashin daga gurbinsa. In ka sa yatsa a saman kafaɗar za ka iya jin ɗan rami. Ja, ko ɗaga ta ta hammata, shi ke yaga abin da ya rage. Ruwan zafin ma a bari, domin ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi sosai, sai fata ta sale ba ta sani ba.

Ƙin namiji haƙƙinta ne, kuma mata likitocin fisiyo suna da yawa a Legas. Ka faɗa tun wurin yankar kati. In ranar ba mace, a shiga da ƴarta, likita ya nuna a jikin ƴar, ita kuma ta yi wa uwar yana kallo. Kada dai wannan ya sa a zauna a gida, don mafi yawan sauƙin da ake samu a wata uku zuwa shida na farko yake zuwa.

A gida, in ba ta iya juyawa da kanta, a juya ta duk awa biyu, a duba ƙugu, gindin baya da diddige. Jan da bai gushe ba bayan an ɗauke nauyi farkon gyambo ne. In ta kwanta a ɓarin lafiya, hannun hagu ya hau matashi a gabanta, wani matashin tsakanin gwiwoyi. In tana zaune, hannun ya huta a kan matashi ko tebur, kada ya yi reto. Ita da kanta ta sarƙe yatsun hannu biyu, na dama ya ɗago na hagu a hankali zuwa daidai kafaɗa, sau goma, ta tsaya inda ciwo ya fara. Kada a dogara da matsa ƙwallo. Damƙewa takan dawo da kanta, buɗe yatsun ne aiki, a riƙa miƙe su a hankali a kan cinya.

Tashi daga kujera shi ne babban darasi, in likita ya ce ta kai. Kujera mai ƙarfi wadda ba ta nutsewa, tafin ƙafa biyu a ƙasa, a ɗan ja su baya da gwiwa, ta sunkuyo gaba ta miƙe da nauyi a ƙafa biyu. Mai taimako ya tsaya a hagunta, ya riƙe ta a ƙugu. Bandakin tsuguno ya fi ƙarfinta yanzu, a samo kujerar bayan gida ko a huda ta roba mai ƙwari. Abinci sai tana zaune sosai, ta ƙara minti 30 a zaune bayan ta gama. In tana tari ko shaƙewa da ruwa, a gaya wa likita, don yana iya sauka a huhu. Salla ta yi a zaune ko a kishingiɗe, addini ya ba da wannan sauƙin. Ku riƙa zama ta hagunta kuna mata hira, a ajiye buta da carbi ta can, saboda masu shanyewar hagu sukan manta da wannan ɓangaren ɗungum. In baki ya sake karkacewa, ko magana ta sarƙe, ko wata gaɓa ta saki, a tafi asibiti nan take. Maganin narkar da gudan jini galibi a cikin awa huɗu da rabi daga fara alamun ake ba da shi.

TAMBAYA: Ƙanina ya faɗi a babur ya karye a hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Mai ɗori ya ɗaure da kara jiya. Yatsun sun kumbura, bai yi barci ba don zugi. An ce haka ɗori yake. In ya warke sai mu kawo shi gashi? (Mai sayar da dabbobi, Alaba Rago)

AMSA: Mun kira mai wannan wasiƙa tun ranar da ta iso, muna buga amsar ne don sauran jama'a. Ba haka ɗori yake ba. Ciwon karaya yakan lafa in an daidaita ƙashi an hana shi motsi. Wanda ke ƙaruwa, magani bai taɓa shi, alama ce ɗaurin ya matse nama yana kumbura ba wurin fita, jini ya kasa shiga. Gwaji ɗaya: a miƙe masa yatsun a hankali. In ya yi ihu, ko yatsun sun sage, sun yi sanyi ko sun canza launi, a kwance ɗaurin duka, a tallafe hannun daidai ƙirji, a nufi asibiti a daren. Naman da ya rasa jini kamar awa shida ya fara mutuwa, kuma ba ya dawowa. Ƙarshensa ko yatsu su ƙandare kamar farcen shaho, ko hannu ya ruɓe a yanke. A wannan matakin gashi kaɗan yake iya gyarawa.

Mun san abin da ke kai mutane wurin maɗori: kusa yake, da sauƙin kuɗi, ga tsoron a ce za a yanke. Amma yawancin yankewar da ake tsoro jinkirin nan ne ke jawo ta. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ƙasusuwa biyu ne, kuma a jikin babba in sun goce galibi sai an yi aiki an sa ƙarfe, in ba haka ba hannu ya haɗe a karkace ya kasa juya tafi sama, ko karɓar canji ya gagara. Hoton ƙashi ne kaɗai zai nuna hakan. Gashi kuma ba ya jiran warkewa: tun hannu na cikin filasta ake motsa yatsu da kafaɗa kowace awa, a ɗora hannun a kan matashi don kumburi ya sauka.