Tambaya da Amsa: Don me aka kwashe ƙwan duka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da 'yar baƙala, wato ƙaramin shagon kayan abinci, a Jidda. Masu duba abinci sun kwashe mini katan uku na ƙwai, alhali kaɗan ne suka fashe. Doka ta ba su wannan ikon? Daga wani mai baƙala.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya mayar da alheri. E, ta ba su. Dokar abinci ta Saudiyya ta shekarar 1436 Hijira ta yarje wa jami'ai su tsare abincin da ake zargin zai cutar, a lalata shi in zargin ya tabbata, har a ci mai shi tara.

Abin da ya sa ba sa tsayawa tsince masu kyau shi ne, ɓawon ƙwai cike yake da dubban ƙofofin da ido ba ya gani. Katan ɗaya kiret 12 ne, ƙwai 360. In biyu suka fashe a kiret na sama, ruwansu zai jiƙa kwalin ya gangara kan na ƙasa. A zafin Jidda, ƙwayar cutar salmonela kan ninka kanta cikin ƙasa da awa ɗaya. Kuma ba ta wari. Baragurbi shi ke tona kansa, amma mai salmonela sai ka fasa ka ga gwaiduwa ras, yaro ya ci, zawo da zazzaɓi su kama shi daga awa 6 zuwa 'yan kwanaki. Wannan ne abin tsoro.

Nan gaba, Alhaji, buɗe kowane katan a gaban mai kawo kaya. Duba ranar ƙarewa, ka mayar masa da kiret ɗin da ya jiƙa, ka adana rasit domin shi ne shaidarka. Sa ƙwan a firij mai sanyin digiri 4, tsinin yana kallon ƙasa, tsohon kaya a gaba. Kada ka riƙa fitarwa kana mayarwa: ƙwai mai sanyi in ya sha zafi gumi yake yi, laimar kuwa tana taimaka wa ƙwayar cuta shiga ciki.

Wankewa ma kuskure ne da mutanenmu ke yawan yi don kaya su yi kyan gani. Ruwa yana cire siririn rufin da ke toshe ƙofofin ɓawon. Mai kashin kaza a jiki, ware shi ka mayar.

Ka kuma karɓi takardar da aka rubuta adadin abin da aka kwashe da dalili, don da ita za ka nemi diyya wurin dillali in a lalace kayan suka zo maka.