Tankin da ka ƙi saya ne ya cinye maka jari

Wani mai sayar da kifin ado ya rubuto cewa ya sari 'ya'yan aksolotil 40, wata dabbar ruwa da ake kiwo don ado, ya zuba su cikin tankunan da yake ajiye kifin zinare da kifin nan mai lasar gansakuka a jikin gilashi, don kada ya kashe kuɗin sabon tanki. Cikin wata biyu 11 sun mutu, wasu sun rasa ƙafa. Yana tambaya ko ya canja musu abinci, sannan ya ci bashi ya ƙaro 100, tunda kasuwarsu tana ci.

Malam, maganar bashi ka ajiye ta tukuna, domin wanda ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na hajarsa cikin wata biyu ba ƙarin jari yake bukata ba. Abinci ma ba shi ne babbar matsalarka ba. Kuskurenka shi ne haɗa su da kifi, kuma ka ɗauki wannan a matsayin tsimi, alhali araha ba ta ado.

Aksolotil ba kifi ba ne. Dabbar ruwa ce dangin kwaɗi, asalinta tafkin Xochimilco na birnin Meziko, kuma tana son ruwa mai sanyi, wajen digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas. Kifin lasar gansakuka kuwa na ruwan ɗumi ne, saboda haka duk yadda ka saita ruwan, ɗayansu yana cikin wahala. Rassan numfashin nan masu laushi da ke gefen kan aksolotil, waɗanda mai saye yake fara dubawa, su ne kifin zinare yake tsakura, shi kuma mai lasar gilashi yana iya manne wa fatarsa ya ji masa rauni. Idan kifin ƙarami ne, aksolotil zai haɗiye shi, kuma idan mai ƙaya ne ya maƙale masa a wuya.

Ƙafafun da suka ɓace kuwa aikin junansu ne. 'Ya'yan aksolotil suna kai wa duk abin da ya motsa cafka, babba yana cin ƙarami. Gaskiya ne ƙafar tana sake fitowa, amma makonnin da za ka yi kana ciyar da dabbar da ba ta sayuwa daga ribarka suke fita. Na taɓa ba wani mai irin sana'arka shawarar ya ware su bisa girmansu, ya ce ba shi da wuri. Da ya zo sayarwa, masu saye suka tsince lafiyayyun, suka bar masa guragun yana karyar da su ƙasa da kuɗin sari.

Abokin zaman da ya dace da aksolotil shi ne wani aksolotil mai girmansa, kuma ko shi sai an killace shi kamar wata guda kafin a haɗa su. Kada ka bar namiji da mace tare sai idan ka shirya, domin mace tana zuba ƙwai ɗaruruwa.

Abincinsu ba shi da wuya: tana ita ce kan gaba, a yayyanka ta ga ƙanana, sai ƙwayar abinci mai nutsewa da aka yi wa masu cin nama. Ƙanana kullum, manya sau biyu ko uku a mako, a kwashe ragowar kafin ta ɓata ruwa. Ka cire tsakuwa daga ƙasan tanki, saboda zuƙar abinci suke yi, su haɗiye ta ta toshe musu hanji.

Kasuwar da kake gani ta bunƙasa ne musamman tun da aka sa dabbar a wasan kwamfuta na Minecraft a 2021, kuma yayi ba ya jiran mai bashi. Ka raba 29 ɗin da suka rage a tankuna uku bisa girmansu, ka lissafa kuɗin na'urar sanyaya ruwa da wutarta a cikin farashin kowane ɗaya, ka riƙa rubuta mutuwa da ranarta. Idan ka yi wata uku ba ka rasa ko ɗaya ba, ka sake rubuto mini mu yi maganar ƙaro 20 da kuɗin cinikinka.