Takardar CAC ba ta tsare sunan da ke jikin kwalba

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce shekara uku ke nan da kika yi wa sana'arki ta humra da turaren wuta rajista a CAC, sai ga wata tana buga irin sunanki a kwalabenta, kina tambaya ko takardar da ke hannunki ta isa ki hana ta. Ki yi haƙuri, ita kaɗai ba ta isa ba. Ni ma sai da na ji a jikina sannan na san haka.

Sabulu da man shafawa nake yi a Kano. Da na karɓi takardar CAC sai na sa ta a gilashi na rataye a shago, a zatona an gama. Ran nan dillalina mai kai kaya Gusau ya dawo mini da katan biyu, wai mata sun ce sabulun ya daina kumfa. Na buɗe. Launin kwali nawa, zanen fure nawa, harafi ɗaya kawai aka sauya a sunan, amma wallahi sabulun bai taɓa shiga tukunyata ba. Na tafi wajen lauya ina huci, takarda a hannu. Ya ce wannan tana nuna waye mai kasuwancin ne, ta buɗe asusun banki ce da neman kwangila. Sunan da ke jikin kaya kuwa, ofishinsa daban: ofishin rajistar alamar kasuwanci, abin da ake ce wa tiredmak, a Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya, kuma dokarsa ta 1965 ce.

Abin da zan ce ki fara yi, tun kafin ki tsaya cacar baki da waccan, shi ne ki sa lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi ya binciko ko wani ya riga ki shigar da sunan. Ba mamaki ita ɗin ta riga ki. Idan fili ne, a shigar nan take. Za a ba ki takardar shaidar shigarwa, a duba, a ba ki ta amincewa, sannan a buga alamar a mujallar ofishin. Daga bugawa akwai wata 2 ga duk mai ƙorafi. In ba wanda ya fito, sai satifiket. Na farko shekara 7 yake yi, sabuntawa kuma shekara 14-14. Jiran mujallar nan shi ne ya fi cin rai, nawa har na cire tsammani.

Ki kula da aji. Kaya da ayyuka an kasa su aji 45 ne, 1 zuwa 34 na kaya, 35 zuwa 45 na ayyuka. Turare, sabulu da man shafawa suna aji 3. Idan gobe kika ƙara ɗinkin abaya, wannan aji 25 ne, da rajistarsa da kuɗinsa daban.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne sunan kansa. Muna son suna mai yabon kaya ko mai faɗin garinsu: humra mai ƙamshi, turaren Barno, sabulu na asali. A kunnen mai saye da daɗi, amma ofishin ba ya mallaka wa mutum ɗaya kalmar da kowane ɗan kasuwa ke da haƙƙin faɗa. Ta yaya za a hana 'yar Maiduguri cewa turarenta na Barno ne? Ni rabin sunana irin wannan ne, dole na ƙirƙiro wata kalma na haɗa da zanen furen, shi aka karɓa. Kwalayen da na riga na buga haka na yi asararsu, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Idan naki ma haka yake, gara ki gyara yanzu da sauran rana.

Ita kuma waccan, rashin rajista bai sa kin rasa komai ba. Doka ta ba da damar ƙarar wanda ke sayar da kayansa da rigar wani, amma ke za ki kawo hujjar cewa ke aka sani da sunan. Don haka ki tattara tsofaffin rasit, lambar farko da kika liƙa a kwalba, hotunan da kika sa a Facebook da WhatsApp masu kwanan wata. Mai satifiket shi ya fi sauƙi, Babbar Kotun Tarayya zai nufa da takardarsa. Ni ban kai kotu ba: wasiƙar lauya da zama ɗaya gaban shugabannin kasuwa suka kashe maganar. Kuma kada ki buga alamar ®, mai nuna cewa suna na da rajista, sai satifiket ya fito, laifi ne. NAFDAC ma za su nemi shaidar alamar in kin je neman lamba.

In kayanki na tsallakawa Maraɗi ko Damagaram, takardar Abuja a kan iyaka take tsayawa. Nijar, Kamaru da Cadi suna cikin OAPI, ƙungiyar da ke yi wa ƙasashenta rajistar alamar kasuwanci, mai ofishi a Yawunde, rajista ɗaya ta shekara 10 tana aiki a ƙasashe 17. Amma wannan sai kin gama da ta gida. Allah ya ba da kasuwa.